Shawara ga masu koyon jitar bes kafin su sayi feda

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da masu koyon kaɗa jitar bes, wato jitar nan mai kaurin murya da ke riƙe da gindin kiɗa, musamman waɗanda suka fara sha'awar ƙananan akwatunan sauya sauti da ake takawa da ƙafa, waɗanda makaɗa ke kira feda. Na yi shekaru ina kaɗa wannan jita, kuma kusan duk ɗalibin da ya zo wurina, tun kafin yatsunsa su saba da tsirkiya, tambayar da yake fara yi ita ce wace feda ya kamata ya saya. Amsar da nake bayarwa ba ta cika yi wa masu tambayar daɗi ba, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta tare da dalilanta.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara sani shi ne bambancin da ke tsakanin jitarsa da jita mai tsirkiya shida, domin daga nan ne yawancin kurakuran saye suke tasowa. Tsirkiyar da ta fi kauri a bes mai tsirkiya huɗu tana girgiza kusan sau 41 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta jita kuwa kusan sau 82, sannan idan bes ɗin mai tsirkiya biyar ne, ta ƙasan tana sauka zuwa wajen 31. Wannan kaurin shi ne aikin mai bes a cikin rukunin makaɗa, kuma shi ne ke haɗuwa da babbar gangar da ake bugawa da ƙafa har mai sauraro ya riƙa jin kiɗan a ƙirjinsa. To, fedoji da yawa da aka ƙera domin jita, da gangan ake sa su rage wannan kaurin, saboda a wurin mai jita yawansa yakan dagula sauti. Sanannen misali shi ne Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, wadda masu jita ke so ainun saboda yadda take fito da tsakiyar sauti ta danne na ƙasa, alhali abin da ya zame musu alheri asara ce ga mai bes. Ni kaina na taɓa yi wa rogo kallon kitse, na sayi wata fedar ƙara wa sauti kaushi wadda na ji daɗinta ina ni kaɗai a ɗaki, amma ranar da muka haɗu da sauran makaɗa, ina taka ta sai kiɗan ya zama fayau, har mai ganga ya waiwayo yana tambaya ko wayata ce ta cire.

Saboda haka ma'aunin da nake ba kowa guda ɗaya ne, wato ya taka fedar yana kaɗa tsirkiyarsa mafi kauri, ya saurara da kyau ko nauyin sautin yana nan ko ya tafi, kuma in da hali ya yi wannan gwajin tare da mai ganga, domin kunne yakan yaudari mutum idan yana shi kaɗai. Masu ƙera fedojin bes sun san wannan matsalar, shi ya sa suke sa maɓallin da ke gauraya sautin jitar na asali da wanda fedar ta sauya. A jikin B3K ta kamfanin Darkglass an rubuta masa Blend, a jikin ODB-3 ta Boss an rubuta masa Balance, ita kuwa Bass Big Muff Pi ta Electro-Harmonix tana da ɗan makunni mai matsayin Dry da ke dawo da sautin asali. Duk fedar kaushin da ba ta da irin wannan hanya, ina ganin mai koyo ya dakata da sayenta tukuna.

Amma ba fedar kaushi ce farkon abin saye ba. Ta farko ita ce ta saita tsirkiya, irin su Boss TU-3 ko PolyTune ta TC Electronic, wadda ba ta ƙara wa sauti komai, shi ya sa matasa ke raina ta. Amfaninta biyu ne. Tana nuna wa mutum ko tsirkiyarsa ta hau daidai, wanda a sauti mai kauri kunnen sabon shiga ba ya saurin ganewa, sannan idan aka taka ta tana yanke sauti gaba ɗaya, ta yadda za a iya saiti ko canza jita ba tare da an dami jama'a da ƙara ba. Mai bes ɗin da bai hau saiti ba yakan sa kowa a rukunin ya zama kamar shi ne ya kauce.

Inda nake ɗan saɓa wa abokan sana'ata shi ne kan kwamfuresa, wato fedar da ke danne sautin da ya yi ƙarfi da yawa domin a samu damar ɗaga wanda ya yi rauni, har kiɗan ya fito bai-ɗaya. Da yawa suna cewa ita ce ta biyu a saye, kuma ba na musun amfaninta, musamman ga mai salon bugun tsirkiya da babban yatsa da fizgarta, inda wani sautin ke tsalle ya fi ɗan'uwansa ƙarfi nesa ba kusa ba. Damuwata ita ce mai koyo, wanda har yanzu yatsansa na manuni ya fi na tsakiya ƙarfi, zai iya ɓoye wannan aibin a bayan na'ura ya yi shekaru bai gyara hannunsa ba. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a ɗimbin fayafayan kamfanin waƙoƙi na Motown da ke Amurka a shekarun 1960, da jitar Fender Precision ya yi aikinsa, kuma mafi yawansa da yatsa ɗaya, ba da tarin fedoji a gabansa ba. Ra'ayina shi ne mutum ya bari sai ya iya fitar da sauti daidai da hannunsa, sannan ya nemi kwamfuresa mai fitilun da ke nuna yawan dannewar da take yi, kamar M87 ta MXR, domin aikin wannan fedar ya fi sauƙin gani da ido fiye da ji da kunne a farkon lamari.

Wadda nake fifitawa a matsayi na biyu ita ce fedar da ke gyara muryar jita kuma ta aika ta kai tsaye zuwa na'urar haɗa sauti, irin su SansAmp Bass Driver DI ta Tech 21. Mai ita yana tafiya da sautinsa a jaka, ko ya tarar da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai kyau ko bai tarar ba, kuma tana iya ba shi ɗan kaushi idan yana so.

Sauran duk ado ne, sai salon kiɗan mutum ya buƙace su. Fedar oktaf, wadda OC-2 ta Boss ta yi suna da ita a hannun makaɗin bes Pino Palladino, tana ƙara wani sauti a ƙasan wanda aka kaɗa, sai dai irin na dā ba sa bin sauti biyu a lokaci guda, kuma sukan rikice a kan sautukan da suka fi kauri. Fedar filta irin Mu-Tron III, wadda aka san makaɗin bes Bootsy Collins da ita, tana tace sauti ne ta sauya muryarsa gwargwadon ƙarfin fizgar yatsa, shi ya sa idan ana jera fedoji galibi ake sa sautin jita ya fara bi ta cikinta kafin kwamfuresa, kamar yadda ake sa ta oktaf kafin ta kaushi domin ta samu tsaftataccen sautin da za ta bi. Wanda bai san abin da yake so ba, gara ya fara da na'ura guda mai ɗauke da sautuka masu yawa, irin su Zoom B1 Four ko Boss GT-1B, ya yi watanni yana gwadawa, ya lura da biyu ko ukun da ƙafarsa ke yawan komawa gare su, sannan ya sayi waɗannan ɗaiɗai.

Batu na ƙarshe shi ne wuta, ɗan hakin da ake rainawa har ya tsone ido. Yawancin fedoji suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 9, kuma a mafi yawansu tsakiyar bakin wayar shi ne ɓangaren da ake sa wa alamar ragi, amma akwai masu buƙatar 12 ko 18, akwai kuma waɗanda tsarin bakinsu ya juya, don haka a karanta abin da aka rubuta a jikin kowace feda kafin a jona ta, domin adaftar da ba tata ba tana iya ƙona ta nan take. A kuma haɗa lissafin miliamfiya, wato ma'aunin yawan wutar da fedojin ke ja, a tabbatar adaftar ta fi ƙarfinsu, ganin cewa masu kwamfuta a ciki sun fi cin wuta. Idan aka jera fedoji da yawa a kan waya ɗaya aka ji gurnani na fita daga lasifika, maganinsa akwatin wuta mai ba kowace feda hanyarta daban. Mai amfani da batir kuma ya tuna cewa a yawancin fedoji, muddin wayar jita tana soke a mashigarta, batirin yana ci ko da fitila a kashe take, sai ya riƙa zare ta idan ya gama.

Na gode, Edita, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani mai kaɗa jitar bes