Sanarwa: Addu'ar arba'in ɗin Baba

Assalamu alaikum, yayye da ƙanne.

Asabar mai zuwa Baba zai cika kwana 40 da rasuwa. Za a yi saukar Alƙur'ani bayan sallar Asuba a zauren gida, Argungu, nan inda yake shimfiɗa buzunsa yana raba wa jikoki dabino. Har yau yaran suna leƙa zauren da safe.

Kowane magidanci ya tura wa Yaya Babba ₦5,000 kafin Alhamis, na waina da kunu. Shinkafar sadaka kuwa ta fadamar Baba ce, wadda Allah bai nufa ya girbe ba.

Mai bin Baba bashi, don Allah ya same ni a keɓe.

Ƴan Gusau, ku taso Juma'a da rana, kada ku yi dare a hanya.

Allah ya jiƙan Baba, ya bar zumunci. Ƴar uwarku.