Wasiƙa zuwa ga 'yata mai riƙe da alƙalami

Assalamu alaikum. Uwata, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Na karanta rubutunki na makon jiya. Hausarki ta zauna daram, Allah ya ƙara basira. Sai dai akwai kalmar da kika maƙale wa, ita ce ruɓewa. Ilimi ya ruɓe, asibitoci sun ruɓe, shugabanci ya ruɓe. Ba ke kaɗai ba ce, marubutan jarida da masu sharhi a rediyo duk sun kama ta, saboda tana cika baki, mai karatu kuma yana jin ɗoyinta tun kafin ya kai ƙarshen layi. Ina so ki yi hattara da ita.

Kin san kwandon tumatir a Kwanar Gafan idan ya kwana uku bai samu mota ba. Ruwa na tsiyaya ta gindinsa, ƙudaje sun baibaye shi, na ƙasa ya zagwanye har ba a iya ɗaga shi da hannu. Zafi da lokaci ne suka yi aikinsu, makomarsa kuma juji. To duk ranar da kika rubuta cewa wani abu ya ruɓe, kin gaya wa mai karatu cewa haka nan ya lalace da kansa, kuma ba ya gyaruwa. Sau da yawa duka biyun ba gaskiya ba ne.

Dubi masaƙun Kakuri a Kaduna. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957, zamanin Sardauna, ta United Nigerian Textiles Limited (UNTL) ta biyo baya a 1964. A lokacin, dubban magidanta ke cin abinci a wurin, audugar Funtua da Gusau na da mai saye. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Wanda ya leƙa yau ya ga ciyawa ta cinye fili, tsatsa ta ci ƙarafa, sai ya ce masana'antunmu sun ruɓe, ya wuce abinsa. Alhali kuwa wutar lantarki ce ta yi ƙaranci, baƙin man injina ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, kuma akwai waɗanda aka damƙa wa tsaron iyaka suka kau da kai. Kowanne daga cikin waɗannan aikin hannun mutum ne. Kalmar ruɓewa lulluɓe hannun take yi, mai laifi ya samu mafaka.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da zai soki mulkin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙ, da Larabci ya rubuta, amma ya kira abubuwan da sunayensu na Hausa: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa masu iko. Talaka na jin wannan ya san abin da ake nufi, don a aljihunsa ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen kirkin da ke ciki. Malamar firamaren da ke shiga aji kullum ko albashi ya makara, da ma'aikaciyar jinyar da ke karɓar haihuwa da fitilar waya, idan suka ji kin ce duk ya ruɓe, da su kika haɗa. Gwiwarsu za ta yi sanyi, su ne kuwa ke riƙe da abin da ya rage.

Ban ce ki daina zafi ba, abin da ke faruwa ya isa a yi fushi. Amma idan rufin aji ne ya yaye, ki ce ya yaye, ki faɗi yawan yaran da ke zaune a ƙasa, ki nemo shekarar da aka ba da kwangilar gyara da ofishin da ya sa hannu. Kada ki kama sunan kowa sai hujja na hannunki, ki kuma ji ta bakinsa tukuna.

Mahaifiyarki na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi miki albarka, ya tsare alƙalaminki.

Mahaifinki.