Wasiƙa daga Milan a kan zanen Iskandariya

Assalamu alaikum ƙanena,

Da fatan kana lafiya, da Inna da Baba da kowa na gida. Zanen da malaminku ya ambata, na Waliyyi Markus, marubucin ɗaya daga cikin littattafan Linjila, yana wa'azi a Iskandariya, yana nan Milan ta ƙasar Italiya, a gidan zane-zane na Brera. Daga Benis aka kawo shi a 1809.

Hoton waya ba zai nuna maka girmansa ba. Faɗinsa mita 7.7, tsayinsa kusan mita 3.5. Da fentin mai aka yi shi a kan yadi, ba a jikin bango ba, don Benis gari ne na cikin ruwa, laima da gishiri suna cinye fentin da aka shafa wa filasta.

Wata ƙungiyar addini da taimakon jama'a ta Benis mai suna Scuola Grande di San Marco (San Marco shi ne Waliyyi Markus) ce ta ba mai zane Gentile Bellini aikin a 1504. Ya rasu a 1507 bai gama ba. A wasiyyarsa ya bar wa ɗan'uwansa Giovanni littafin zane-zanen mahaifinsu, da sharaɗin ya ƙarasa aikin.

To, ka lura, Gentile bai taɓa taka Masar ba. Istanbul ya je a 1479, har ya zana Sarkin Daular Usmaniyya Muhammadu na Biyu. Garin da ke cikin zanen haɗe-haɗe ne. Babban ginin tsakiya mai ƙubbobi ya ɗauko kamar cocin San Marco na Benis da ta Aya Sofiya ta Istanbul. Hasumiyar nan mai matakala a waje kuwa tana kama da ta masallacin Ibn Tulun, wanda ke Alƙahira. Ga dogon dutsen Fir'auna mai tsini, ga raƙuma, har da raƙumin dawa.

Markus yana tsaye a kan dandamali ta hagu, manyan Benis a bayansa. A gabansa mata ne zaune cikin farin lulluɓi, da maza masu manyan rawuna. Nan ne babban tuntuɓen: Markus ya rayu wajen shekara 600 kafin zuwan Musulunci. Mutanen da fataken Benis ke sayen barkono a hannunsu ne aka zana, wato Masar ta zamanin Mamluk, sarakunan Musulmi da ke mulkinta lokacin da aka yi zanen. An kuma ce fataken Benis ne suka sato gawar Markus daga Iskandariya a 828, suka rufe ta da naman alade don kada a bincika kayan.

In za ka kwafa, fara da layukan gidajen gefe biyu da ke haɗuwa a tsakiya. In ka fara da mutane, girmansu zai ruɗe maka.

Ka gaishe da Inna, ka ce saƙonta na tafe ƙarshen wata.

Yayanka