Wahalar Haɗiya Ba Tsufa Ba Ne Kawai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin masu karatu kan lalurar da ta sami mahaifina bayan shanyewar ɓarin jiki. Lomar tuwo takan tsaya masa a maƙogwaro, kunu kuma ya ƙware shi har idanunsa su kawo ruwa, mu kuwa muna cewa tsufa ne.

Sai da aka ɗauki hotonsa na X-ray yana haɗiyar ruwan bariyom, wani farin ruwa da ke fitowa a hoton, sannan likita ya nuna mana cewa tsokar da ke bakin hanyar abinci, wadda ya kamata ta saki yayin haɗiya, ba ta buɗewa sosai, kuma abin da ya maƙale yana iya zarcewa huhu ya jawo namoniya.

Ashe akwai magani: atisayen haɗiya, faɗaɗa wurin da 'yar balan-balan, allurar Botox mai sassauta tsokar na wasu watanni, ko tiyatar tsaga ta. Baba faɗaɗawa aka yi masa, yanzu yana cin tuwo mai laushi.

Ina roƙon hukumomin lafiya su samar da wannan gwaji a manyan asibitocin jihohi, domin mun sha doguwar tafiya kafin mu same shi.

Naka,
Mai karatu daga Gusau