Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni batun takardar dubu biyar

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyon da aka gayyace ni, ka bugo waya daga kasuwar Dawanau kana tambaya: idan aka buga takardar naira dubu biyar, ba za ta ƙara tsadar kaya ba? Lokaci ya ƙure ban ba ka amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Ni dai ra'ayina a buga ta. Tsada ce ke fara zuwa, babbar takarda ta biyo sawunta. Ran 1 ga Janairu 1973, zamanin Gowon, da aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo, fam ɗaya naira biyu, babbar takardarmu naira goma ce. Ashirin mai hoton Murtala ta fito a 1977, kuma ita ce gaba har 1991 da hamsin ta zo. Kafin nan naira ta riga ta fara zubewa tun tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986. Sai abin ya yi sauri: ɗari ta Awolowo a 1999, ɗari biyu ta Sardauna a 2000, ɗari biyar ta Azikiwe a 2001, dubu a 2005.

Daga 2005 ba a ƙara ko ɗaya ba. To Alhaji, farashin buhun masara ya tsaya? Lokacin da dubu ta fito ta fi dala bakwai, yau ba ta kai dala ɗaya ba. Kai ka fi ni sanin wahalar ƙirga kuɗin mota guda ta hatsi, da fargabar ɗaukar jaka cike zuwa kasuwar ƙauyen da ba banki, ba sabis ɗin tura kuɗi.

A 2012 Babban Banki, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya shirya buga takardar dubu biyar da hoton mata 'yan gwagwarmaya uku: Gambo Sawaba, Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti. Jama'a suka yi ca, gwamnatin Jonathan ta dakatar. Har yau ina takaicin Hajiya Gambo ba ta samu wannan karramawa ba.

Sharaɗina ɗaya ne: takardar ta shigo a hankali, ta yi yawo tare da tsofaffin. Kada a maimaita abin da aka yi mana a farkon 2023, da aka janye ɗari biyu, ɗari biyar da dubu kafin sababbi su wadata, mutum da kuɗinsa a banki iyalinsa na kwana da yunwa.

Allah Ya ba da kasuwa, Alhaji.