Wasiƙa ga ɗana mai koyon fiziks da kansa

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso, kuma na karanta tambayoyinka a natse. Na ji daɗi ƙwarai da na ga cewa, duk da ɗawainiyar shago daga safe har magariba, kana zama da littafin fiziks da dare ba tare da wani malami ya tsaya a kanka ba. Sai dai na lura yawancin tambayoyin sun karkata ga baƙin rami (wuri a sararin samaniya da jansa ya yi ƙarfin da ko haske ba ya iya kuɓuce masa) da kwantum (ilimin halayyar ƙwayoyin zarra da abin da ya fi su ƙanƙanta) da jinkirin lokaci (yadda gudu ko ja ke sa agogo ya tafi a hankali), alhali wadda ka ajiye a ƙarshe kamar ba ta da daraja, wato dalilin da ya sa babban dutse da ƙarami suke isa ƙasa tare, ita ce ta cancanci ka fara da ita, ka kuma daɗe a kanta.

Gaskiya ne ƙasa tana jan babban dutse da ƙarfi fiye da yadda take jan ƙarami, amma babban ya fi wuyar motsawa, kamar yadda baro cike da siminti ya fi wanda babu komai a ciki wuyar turawa. Idan dutse ya ninka wani sau goma, jan da ake yi masa ya ninka sau goma, wuyar motsa shi ma ta ninka sau goma, sai ɗaya ya cinye ɗaya, su biyun su riƙa ƙara gudu da kimanin mita 9.8 a kowane sakan, cikin kowane sakan. Abin da ke ruɗa mutane iska ce. Ka saki shimfiɗaɗɗiyar takarda tare da dutse, sannan ka dunƙule takardar ka sake gwadawa, za ka ga bambancin ya kusa ɓacewa. A 1971 ɗan sama-jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a doron wata, inda babu iska, suka faɗi tare.

Daga nan ne amsar tambayarka ta biyu take fitowa, ta dalilin da ya hana wata faɗowa. Wata yana faɗowa a kowane lokaci, sai dai gudun da yake yi ta gefe ya sa hanyarsa tana lanƙwasawa ta kewaye duniya ba tare da ya taɓa ta ba. Nisansa daga tsakiyar duniya ya kai kimanin kilomita 384,000, wato ninki 60 na nisan da ke tsakanin tsakiyar duniya da inda muke tsaye. Ka'idar da masanin Ingila Isaac Newton ya wallafa a 1687 ta ce ja yana raguwa gwargwadon nisa idan aka ninka shi a kansa, saboda haka a can ya ragu sau 3,600. Dutse a nan yana faɗuwar mita 4.9 a sakan na farko. Ka raba wannan da 3,600, za ka samu abin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba, kuma da wannan ɗan kaɗan ne wata yake karkatowa wajenmu a kowane sakan. Ina so ka yi wannan lissafi da hannunka, domin a ganina wanda ya iya fitar da wannan lamba ya fi fahimtar sararin samaniya a kan wanda ya kwana yana kallon bidiyon baƙin rami a YouTube.

Ba ina hana ka manyan tambayoyi ba ne. Jinkirin lokaci da masanin fiziks Albert Einstein ya bayyana a 1905 da 1915 gaskiya ne, kuma wayar da ke aljihunka tana amfana da shi. Agogon taurarin ɗan'adam na GPS, tsarin da ke nuna wa waya inda take, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000, yana yin baya da kusan kashi 7 cikin miliyan na sakan a kowace rana saboda gudunsu, yana kuma yin gaba da kusan kashi 45 saboda raunin jan duniya a can, ya zama ya zarce namu da kusan kashi 38. Da ba a lissafa wannan ba, da taswirar waya ta riƙa kuskuren kilomitoci a yini guda. Amma ka duba da kyau, ba za ka gane wannan bayani ba sai ka san gudu da ja tukuna, wato darasin da ka so tsallakewa. Kwantum kuwa ka ɗan jinkirta shi har sai ka san yadda igiyoyin haske da na sauti suke tafiya, kuma hannunka ya faɗa a rassan lissafi na aljabra da kalkulus.

Na san abin da ya fi damunka shi ne rashin shiga jami'a, don haka ka riƙe labarin Michael Faraday. Ɗan maƙeri ne a Ingila, bai yi karatun kirki a makaranta ba, ya koyi ɗinkin littattafai a Landan yana karanta abin da aka kawo a ɗinka. A 1831 ya gano cewa motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki, kuma a kan wannan ne injinan madatsar Kainji da janaretan shagonku suke aiki har yau. Ya kasance mai rubuta kowane gwaji a littafinsa, wanda ya yi daidai da wanda ya ƙi. Duk da haka lissafinsa bai yi nisa ba, sai da masanin fiziks James Clerk Maxwell ya zuba bincikensa a lissafi aka gane cewa haske kansa igiya ce ta lantarki da maganaɗisu. Kai kana da damar haɗa biyun, gwaji da lissafi, saboda littattafan da Faraday bai samu ba suna cikin wayarka.

Saboda haka ka sayi littafin rubutu ka keɓe shi ga wannan karatu. Ka zaɓi littafin koyarwa guda ɗaya na matakin babbar sakandare ka bi shi babi-babi, kada ka wuce babi sai ka warware tambayoyin ƙarshensa ba tare da leƙa amsa ba. Idan wata ta gagare ka, ka rubuta daidai inda ka tsaya kafin ka tambayi kowa, domin masu sani sun fi son taimakon wanda ya nuna abin da ya riga ya gwada.

Ga aikin farko. Ka ɗaure ƙaramin dutse a zare mai tsawon mita ɗaya, ka rataye shi a ƙusa, ka ja shi gefe kaɗan ka saki, ka auna lokacin da zai ɗauka ya je ya dawo sau 20. Ya kamata ka samu kusan sakan 40. Ka canza dutsen da wanda ya fi shi nauyi ka sake aunawa, sannan ka rage zaren zuwa santimita 25 ka ga abin da zai faru. Ka rubuto mini lambobin da ka samu tare da bayaninka a kan dalilinsu.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka fahimta.

Wassalam,
Mahaifinka