Masu gyaran firji a Bauchi horo da takardar shaida muke nema

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan sana'ar da nake ci nake sha a cikinta, wato gyaran firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki wadda mu a bakin aiki muke ce wa esi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura duk sanda aka tashi maganar koya wa matasa sana'a, ɗinki ne da aski da haɗa sabulu da man shafawa, a yi taro a raba keken ɗinki a ɗauki hoto a watse, mu kuwa ko sunanmu ba a cika ambata ba, alhali daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Bauchi ke taɓa digiri 40 babu lambar wayar da ake nema kamar ta mai gyaran firji, balle a 'yan shekarun nan da azumi ya riƙa faɗowa cikin bazara. Mai ƙanƙara, mai zoɓo da kunun aya, mai kifi a Muda Lawal, mai yogot, mai kemis da ke ajiye allurar masu ciwon suga, duk idan injinsu ya tsaya jarinsu ne ke narkewa a gabansu. Allurar rigakafin yara ma yawancinta tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake so ta zauna, in ta wuce haka ko ta daskare an yi asara, kuma uwa ba za ta sani ba.

To amma ta yaya ake zama mai gyaran firji a garin nan? Kowa ya sani. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi shagon wani oga a Wunti ko Railway ko Yelwa ya ce ga amana nan, shi kenan an shiga makaranta. Yaro zai yi shekara yana shara da ɗaukar tsani da sayo wa oga abinci, sai a hankali a fara ba shi sukundireba, yana kallo yana kwaikwayo, ranar da oga ya ga dama ya ce an yaye ka. Ni ma ta nan na biyo kuma ba na raina hanyar, domin akwai abin da hannu da kunne ke koya wanda allo ba zai taɓa koyarwa ba, ogan kirki yana ɗora tafin hannunsa a kan kwamfireso, wato injin da ke tura gas cikin bututu, ya saurari kukansa ya gaya maka 'yan kayan da ke tayar da shi ne, rile ko kafasita, ko kuwa injin ne ya gama yawo. Matsalar ita ce sana'ar ta canza a ƙarƙashin ƙafafunmu, koyarwar kuma tana nan inda take.

Bari in yi bayani yadda mai karatu zai gane. Da can gas ɗin firji R12 ne, na esi kuma R22, dukkansu ba sa kama wuta a yanayin aikinmu na kullum, shi ya sa ogannin da suka saba za su yanke bututu gas ya fita fuuu su kunna wutar walda a take babu gobarar da za ta tashi. Sai aka gano irin waɗannan gas ɗin suna cinye rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana mai cutarwa, ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal a 1987, Najeriya ma tana ciki. R12 aka rufe babinsa a ƙasashe irin namu a 2010, R22 kuma ana ta rage shi da nufin a kai ƙarshensa wajen 2030. Waɗanda suka maye gurbinsu irin su R134a da R410A su kuma aka ga suna ƙara ɗumamar duniya, aka sake zama a Kigali a 2016 aka ce su ma a rage su. Saboda haka yau in ka sayi sabon firji a kasuwa ka leƙa bayansa, galibi R600a za ka gani a rubuce da ɗan zanen harshen wuta a jiki, wasu firizojin shaguna R290, sababbin esi kuma da yawa R32. R600a da R290 ɗin nan 'yan gida ɗaya ne da gas ɗin girki, wuta suke ci ba wasa, R32 ma yana kamawa duk da bai kai su ba.

Yanzu ka duba yaron da ya koyi aiki wajen ogan da shi kansa a zamanin R12 ya koya, aka kawo masa firji mai R600a cikin shago mai ƙofa ɗaya babu taga, janareta na aiki a bakin ƙofa, wani na caja waya a soket mai tartsatsi. Wa ya taɓa zaunar da shi ya ce masa wannan gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru, sai an fitar da shi waje an zuƙe bututun an hura masa naitirojin kafin a kusanto da wuta? Babu. Kuma shi R600a ba a cika shi da ido ko da taɓa bututu a ji sanyi kamar yadda aka saba, ɗan kaɗan ne ƙwarai, wani firjin duka-duka giram 50 ko 60 yake ɗauka, an rubuta a takardar da ke manne a jikinsa, da sikeli ake aunawa. In ka zarce da ɗan kaɗan firji zai yi ta aiki ba hutawa yana shan wuta, mai kaya ya dawo yana cewa ka cuce shi. Shaguna nawa ne a Bauchi ke da wannan sikelin? Ka zagaya ka gani da idonka.

Akwai kuma waɗanda don neman sauƙi suke ɗura gas ɗin girki kai tsaye a firjin mutane, wai ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne wallahi, na girki gauraye ne, da danshi a cikinsa da datti, ga sinadarin warin da ake zuba masa, zai yi sanyi na ɗan lokaci mai kaya ya yi ta godiya, daga baya ya toshe siririn bututun nan da muke kira kafilari, injin ya ƙone. Mafi muni shi ne masu aron tukunyar oksijin wajen mai walda su hura a cikin esi don neman inda yake yoyo. Oksijin in ya haɗu da man kwamfireso a cikin matsi bam ne, naitirojin ake amfani da shi, amma tunda ba a koya musu dalilin ba sai su ga ai duk iska ce. Haka zancen zuƙe iska daga bututu kafin a sa gas, da yawa ba su da injin zuƙar, sai su ɗan saki gas ya tura iskar waje su ce ya isa, danshin da ya rage ya haɗu da mai ya zama asid ya riƙa cin wayar injin a hankali, bayan wata shida a ce ai kayan yanzu ne ba su da ƙarko. R410A matsinsa ya fi na R22 nesa ba kusa ba, gejinsa, wato ma'aunin matsin gas, daban, kuma a ruwansa ake ɗura shi, amma za ka ga mutum da tsohon geji ɗaya tilo yana yi wa kowane inji aiki da shi.

Ban ma taɓo esi mai imbata ba, wato mai rage gudun injinsa ko ƙara shi gwargwadon buƙata, wanda yanzu kowa ke saya saboda sola da tsadar wuta. Shi wannan rabinsa lantarki ne irin na kwamfuta, in ya samu matsala lamba yake nunawa, sai ka iya karanta littafinsa ka iya aiki da mita, kuma allon lantarkin da ke cikin ɓangarensa na waje yana riƙe wutar da ta haura bolt 300 na ɗan lokaci ko bayan an cire shi daga soket. Abin da aka fi yi a nan shi ne a ce wa mai kaya fanel, wato allon nan, ya mutu a sayo sabo, alhali wataƙila ɗan abin auna zafi ne na kuɗi kaɗan ya lalace.

Wani zai ce ai akwai makarantu akwai takardu. Eh akwai. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da jarrabawar gwajin sana'a da aka fi sani da Trade Test, mataki na uku da na biyu da na ɗaya. Hukumar jarrabawar sana'o'i da kasuwanci ta ƙasa, NABTEB, da aka kafa a 1992 tana da gyaran firji da esi a cikin sana'o'in da take jarrabawa a kai. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, tun 1971 yake, hedikwatarsa ma ga ta nan Jos kusa da mu, ga hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tun 1986. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna kuma ta fito da tsarin takardar ƙwarewa ta ƙasa, NSQ, wanda a cikinsa akwai hanyar da za a zo a gwada abin da mutum ya riga ya iya a wajen ogansa a ba shi shaida ba sai ya koma aji daga farko ba, kuma an yi irin wannan ƙoƙari da masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna. A garin nan muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ta Tatari Ali ga jami'ar ATBU. Duk wannan gaskiya ne a takarda. Amma ka shiga layin masu gyara ka tambayi yara goma wa ya taɓa jin NSQ ka ji amsar da za su ba ka. Sanarwar a intanet take, da Turanci, fom ɗin ma da Turanci, wanda ke da hannun aikin kuma wataƙila iyakarsa firamare ko makarantar allo, in ya ga an ce a cike fom a kwamfuta sai ya ce wannan ba namu ba ne na 'yan boko ne.

Sakamakon haka kowa ya san shi. In babban aiki ya fito, na asibiti ko banki ko otal ko firjin rigakafi mai aiki da sola, takarda ake tambaya da rajistar kamfani, sai wani mai jakar takardu ya zo daga wani gari ya karɓi kwangilar, ya kwana a otal, da safe ya zo layinmu ya ɗauki yaranmu su yi masa aikin ya sallame su da kuɗin abinci. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ya so fita waje neman aiki shi ma takardar ce farkon abin da za a tambaye shi.

Abin da nake roƙo ba wani abu ne mai tsada ba. A kawo gwajin nan Bauchi da Azare da Misau da Ningi, a yi shi da Hausa, kuma a yi shi da hannu, a ajiye wa mutum firji mai matsala a ce gano ta ka gyara muna kallo, ka nuna mana yadda za ka fitar da gas mai cin wuta, yadda za ka zuƙe iska, yadda za ka auna. Wanda ya ci a ba shi, wanda ya faɗi a tura shi horo na 'yan makonni da yamma ko ranar Lahadi a ɗaya daga cikin kwalejojin nan, a lokacin sanyi daga Disamba zuwa Janairu da kasuwarmu ke kwance, domin babu mai rufe shago a watan Afrilu ya tafi aji ko da kyauta ne. Amma fa takardar da mutum zai samu bai taɓa geji ba gara babu ita, don ita ce za ta kashe darajar ta masu gaskiya. In kuma za a raba kaya a raba wa wanda ya ci gwajin, injin zuƙe iska da sikeli da tukunyar naitirojin da na'urar gano yoyo, ba a bi jerin sunayen da aka rubuto daga gidan ɗan siyasa ba a ga kayan a kasuwa washegari.

Mu ogannin ma da namu laifin, kuma in ban faɗa ba ban yi adalci ba. Akwai masu riƙe yaro shekara da shekaru suna ɓoye masa sirrin aiki don kada ya buɗe shago ya ƙwace musu kwastoma, in an zo wajen haɗa wayoyi sai a aike shi sayo ruwa. Ya kamata ƙungiyarmu ta masu wannan sana'a, NARAP, da shugabannin layi su tsayar da iyaka, a rubuta yarjejeniya da iyayen yaro, shekara kaza zai yi, ga abin da zai iya a kowace shekara, ranar yaye kuma a kai shi gwaji. Ogan ma a fara horar da shi, tunda abin da ya sani shi zai zuba wa na ƙasa da shi. Iyaye kuma don Allah ku daina kawo mana yaro sai bayan ya gagari kowa a gida, aikin nan yana son mai ɗan lissafi da karatu, ku bar shi ya riƙa zuwa makaranta da safe ya zo shago da yamma.

Sannan ga wata magana da ban taɓa jin an yi ba. Gidaje da yawa a Bauchi ba a shiga, kuma yawancin masu sana'ar ƙanƙara da zoɓo mata ne a cikin gida, in firiza ta lalace sai an jira maigida ya dawo ko a kinkimo ta a ɗora a Keke Napep a kawo shago, a hanya a kwantar da ita mai ya gangara cikin bututu, wata matsalar ta ƙaru a kan ta farko, alhali sau da yawa rile ne kawai na minti goma. Me zai hana a horar da 'yan mata wannan ɓangaren na firjin gida? Ba hawa tsani a ciki, kuma kasuwarsu a shirye take.

Edita, roƙona na ƙarshe gare ka ne. Ka tura wakilinka ofishin ITF da na ma'aikatar ƙwadago da ke nan Bauchi da kuma kwalejojin nan, ya tambayo mana a ina ake wannan gwajin, yaushe ake yi, nawa ake biya, kuma wanda bai da takardar sakandare zai iya shiga ko ba zai iya ba, ku buga mana amsar da Hausa dalla-dalla, mu kuma za mu ɗauki hotonta mu watsa a zaurukanmu na WhatsApp mu manna a ƙofar shaguna. Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani mai gyaran firji da esi, daga cikin garin Bauchi.